Hawa Tsayuwar Hannu Ba Tare Da Tsalle Ba: Yadda Na Horar Da Jikina

Ni tela ne. Shekara 16 ke nan ina zaune bisa keken ɗinki a wani shago da ke unguwar Mabera a Sakkwato, kuma duk wanda ya san wannan sana'a ya san abin da take yi wa jiki. Baya ya ranƙwafa, kafaɗu su tattaro gaba, jijiyoyin bayan cinya su ɗaure tamau kamar igiyar guga. Da irin wannan jikin na fara, shi ya sa nake ganin abin da zan faɗa zai amfani direba da ma'aikacin ofis da mai tsaron shago, duk wanda zama ya ci masa jiki.

Tsayuwar hannu dai kowa ya san ta. Tun muna yara muke yin ta a yashi bayan an tashi daga makarantar allo, a dafa ƙasa a watsa ƙafa sama, in an yi sa'a a yi taku biyu ko uku a faɗi. Wadda nake nufi daban ce. Za ka dafa ƙasa ƙafafunka a ware, babu tsalle, babu harbin iska, sai dai a ga ƙafafun sun rabu da ƙasa a hankali, sun zagaya ta gefe, sun haɗu a sama. Na fara ganin ta ido da ido wata safiyar Asabar a filin wasa na Giginya, wurin wani dattijo, tsohon malamin motsa jiki da ya yi ritaya. Da ya sauko na matsa na gaishe shi, na ce, "Baba, wannan wane irin ƙarfin hannu ne?" Ya kama damtsena ya matsa, ya ce, "Ɗana, ai ka hi ni ƙarhi nesa. Ƙahwa ba a ɗaga ta, ita ka tashi da kanta." Wata 14 na yi ina aiki kafin jikina ya gane wannan magana.

Ga abin da yake nufi. Cika bokiti da ruwa ka rungume shi a ƙirji, za ka iya zagaya gida da shi. Miƙa hannu ka riƙe shi can nesa da jiki, ba za ka ƙirga goma ba. Ruwan bai ƙaru ba, nisan ne ya ƙaru. Nauyin jikin mutum ya taru ne wajen ƙugu, ƙasa da cibiya kaɗan. Muddin wannan nauyi yana bayan hannuwanka, ƙafafunka na nan manne da ƙasa ko da kai ne sarkin 'yan kokawa. Da zarar ya hau saitin tafin hannu, ƙafa ta zama ba ta da aikin yi a ƙasa, sai ta tashi. Hanya biyu ce ke kai nauyin can: ko ka tura kafaɗu gaba su wuce wuyan hannu, wanda ke cin ƙarfi sosai, ko ka ninke jikinka cinya ta matso ciki, wanda ke bukatar laushin jiki. Kowa na amfani da duka biyun. Amma gwargwadon yadda ka iya ninkewa, gwargwadon sauƙin da kafaɗarka za ta samu. Mu da muka fara da girma, a nan ne ribarmu take.

Kafin komai, akwai waɗanda bai kamata su juya kai ƙasa ba sai likita ya yarda: mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai ciwon idon nan da ruwan cikin ido ke yin yawa ya matse jijiyar gani, mace mai juna biyu, da wanda ke da tsohon rauni a wuya ko kafaɗa. Sannan wannan ba matakin farko ba ne. Sai ka iya tsayuwar hannu jikin bango, cikinka na fuskantar bangon, gwiwar hannu a miƙe, na daƙiƙa 45 zuwa 60 ba tare da ka karye a ƙugu ba. In kana iya tsayawa babu bango ko na daƙiƙa 10 ne, to madalla. Ka kuma koyi sauka tun kafin ka koyi hawa: in nauyi ya rinjaye ka ta baya, ɗauke hannu ɗaya ka matsar da shi gaba, jikinka ya juya, ka sauko da ƙafa ta gefe. Maimaita wannan har ya zama ba sai ka yi tunani ba. Wanda ke tsoron faɗuwa ta baya ba zai taɓa yarda ya tura kafaɗarsa inda ya kamata ba.

Wuyan hannu

Da shi nake farawa domin shi ya fara kayar da ni. Wata safiya cikin hunturu, a watan Janairu, na fito bayan sallar asuba jikina a sandare, na dafa siminti mai sanyi na fara gwaji ba tare da na ɗumama komai ba. A gwaji na huɗu na ji wani abu ya tsira mini a bayan wuyan hannun dama. Mako bakwai na yi ban dafa ƙasa ba, almakashi ma da ƙyar nake riƙe shi, yankan yadi sai yaron shagona. Tsoka na saurin ƙarfi, amma jijiyoyin da ke riƙe gaɓa suna biyo ta ne a baya sannu a hankali. Za ka ji kana da ƙarfin yi, alhali gaɓar ba ta shirya ba.

Tun daga ranar, minti biyar na farko na wuyan hannu ne. Ka durƙusa, ka dafa ƙasa yatsu na kallon gaba a baje, ka riƙa kai kafaɗa gaba kana dawowa, sau 15. Juya hannu yatsu su kalli gwiwoyinka, ka ja jiki baya a hankali har ka ji miƙewa a cikin hannu, ka tsaya daƙiƙa 20. Kifa bayan hannu a ƙasa ka yi haka nan, amma da nauyi kaɗan. Na ƙarshe, yatsu na ƙasa, ka riƙa ɗaga gindin tafin hannu kana saukewa, sau 15. Shi ke ƙarfafa yatsun da za su zama birkinka a sama.

Wurin da za ka dafa ma abin dubawa ne. Yashi mai zurfi yana da daɗin faɗuwa, amma gindin tafin hannu na nutsewa a ciki, sai wuyan hannu ya lanƙwashe fiye da ƙima. Daɓe mai ƙarfi ya fi, ko siminti da tabarma ɗaya wadda ba ta zamewa. Katifa kuwa kada ma ka fara.

Ninkewa

A nan na fi daɗewa, a nan kuma mafi yawan mutane ke gajiya su bari, domin aiki ne da babu abin burgewa a cikinsa. Ba a yin sa da jiki mai sanyi. Ka yi ɗan gudu ko tsallen igiya na minti biyar har gumi ya fara tsatsowa.

Zauna a ƙasa ka ware ƙafafu, gwiwoyi a miƙe suna kallon sama, yatsun ƙafa ma haka. Ranar da na fara, ko zama a miƙe ban iya ba, baya nake faɗawa sai na tokare da hannu. In haka ta same ka, ninke bargo ko ka sa matashi a ƙarƙashin mazaunai. Tudun nan na inci uku ko huɗu shi zai ba ƙugunka damar karkatowa gaba. Daga nan ka dafa ƙasa a gabanka ka riƙa tafiya da hannu. Abin da za ka kai ƙasa shi ne cibiya, kai ya biyo daga baya. Kusan kowa kai yake fara sunkuyarwa, ya lanƙwasa gadon baya, ya ga goshi ya kusa ƙasa ya ɗauka ya yi nisa, alhali ƙugu bai motsa ko kaɗan ba. Ɗaga ƙirji, ka ji kamar ana jan cibiyarka da zare zuwa gaba. Inda ka ji ja mai ƙarfi amma kana iya numfashi a natse, tsaya nan daƙiƙa 45 zuwa 60. Sau uku. A na ƙarshe, danna dugaduganka cikin ƙasa da ƙarfi na daƙiƙa biyar, ka saki, ka fitar da numfashi, za ka ga jiki ya ƙara ba ka ɗan wuri.

Sai ka haɗe ƙafafu ka yi irin wannan, ciki na neman cinya. Sannan ka yi ta a tsaye: ƙafafu a ware, ka sunkuya ka dafa ƙasa da tafin hannu gaba ɗaya, kana matso da hannun kusa da layin ƙafafu. Wannan ta tsaye ita ce ainihin inda hawan ke farawa, don haka ka saba da ita sosai.

Ka bambance ja da ciwo. Ja a tsakiyar tsokar bayan cinya shi ake nema. In ka ji zafi mai tsini daidai ƙashin da kake zama a kansa, dakata, jijiyar da ta riƙe tsokar a ƙashi ce kake ja, kuma in ta ji rauni tana daɗewa ba ta warke ba. In kuma wani abu kamar lantarki ke bin bayan gwiwa zuwa tafin ƙafa, ɗan lanƙwasa gwiwa ka sassauta. Kada ka bari wani ya hau bayanka ya danne ka. Na sha ganin samari na yi wa juna haka a fili, raina na ɓaci duk lokacin da na gani.

Da yake tef ɗin awo na rataye a wuyana kullum, da shi nake auna ci gaba. Ranar ɗaya ga kowane wata nakan zauna a ware, in sunkuya iya iyawata, in auna daga ƙashin ƙirji zuwa ƙasa, in rubuta a bayan littafin awon kwastomomi. Na fara da inci 17. Akwai watan da rabin inci kawai na samu. Lokacin da ƙafata ta fara tashi ina kan inci biyar ne, wato ba sai ƙirji ya kwanta a ƙasa ba.

To amma laushi kaɗai bai isa ba, kuma wannan ne abin da na makara ban gane ba. A zaune, nauyin jikinka ne ke ninke ka. A kan hannu kuwa babu mai taya ka, tsokokin mara da na gaban cinya ne za su jawo ƙafafun su riƙe su kusa da ciki. Dole a horar da su daban. Zauna a ware kamar ɗazu, dafa ƙasa tsakanin ƙafafu, hannu ya yi gaba gwargwadon iyawarka, sannan ka ɗaga dugadugai daga ƙasa gwiwa a miƙe. Ko inci ɗaya suka tashi ya wadatar. Sau 10 zuwa 15, na ƙarshe ka riƙe daƙiƙa 10. Kada ka jingina baya don ƙafa ta yi sama, wannan ha'incin kai ne. In ya yi sauƙi, ƙara kai hannu gaba. Cinyarka za ta ɗaure ta murɗe a makonnin farko, har ka ji kamar ka yi kuka. Miƙe ka girgiza ta, ka koma. Yana raguwa. A duk atisayen da zan ambata, in aka ce in zaɓi ɗaya tak, wannan zan ɗauka.

Ƙari a kansa, ajiye bulo biyu ka zauna tsakaninsu, ka dafa su ka ɗaga jiki gaba ɗaya ƙafafu a miƙe gaba, daƙiƙa 10 zuwa 20. In ya gagara, lanƙwasa gwiwa ɗaya.

Kafaɗa

Abu biyu ake nema a wurinta, ta buɗe kuma ta iya riƙe nauyi a karkace. Na buɗewa, durƙusa gaban benci, ɗora hannuwa a kai a miƙe, ka saki ƙirji ya nutse ƙasa tsakanin hannuwan, ciki a tsuke don kada ƙugu ya karye. Daƙiƙa 40, sau biyu ko uku. Mu teloli wannan kamar magani ne gare mu ko da ba ma neman tsayuwar hannu.

Na ƙarfi, dafa ƙasa ka miƙe jiki kamar mai shirin yin fires-of, gwiwar hannu a kulle, ka ture ƙasa har saman bayanka ya yi tudu, sannan ka tura kafaɗu gaba su wuce wuyan hannu. Riƙe daƙiƙa 15, sau huɗu. Sai kuma jan ƙafa: sa safa a kan tayil, ko ka ɗora yatsun ƙafa kan guntun kwali a siminti, ka jawo ƙafafu a miƙe zuwa wurin hannuwa, mazaunai na hawa sama, ka mayar. Sau biyar zuwa takwas. Wannan ya fi komai kama da ainihin hawan.

Haɗa su

Na fi amfana da abu biyu. Na farko saukowa a hankali. Hau tsayuwar hannu yadda ka saba, ko da tsalle ne, ka ware ƙafafu, sannan ka fara saukar da su ta gefe kana riƙe ƙugu a sama har iya ƙarfinka. Da farko za ka riƙe rabin hanya ka faɗo tim. Inda kake faɗowa nan ne rauninka yake, don haka ka riƙa tsayawa daf da wurin na daƙiƙa biyu ko uku. Ranar da ka iya sauka cikin daƙiƙa biyar har yatsun ƙafa su taɓa ƙasa babu ƙara, hawa ya kusa. Sau uku zuwa biyar ya isa a zama ɗaya. Aiki ne mai cin jiki ba tare da ka sani ba, sai washegari.

Na biyu rage tsawon tafiyar. Na samo bulo mai inci tara guda biyu daga ragowar ginin maƙwabcina, na ajiye su a ware na taka, na dafa ƙasa a gabansu. Tunda ƙafa na kan tudu, ƙugu ya riga ya yi rabin hanya. Da ya zauna mini sai na koma bulo mai inci shida na kwantar da shi, daga baya katako mai inci biyu, daga nan ƙasa. Tsakanin inci shida da katako na yi wata huɗu. Kada ka sauka daga wani tudu sai kana iya hawa uku a jere a kansa ba tare da ɗan tsallen nan na ɓoye ba. In kana da aboki, ya tsaya a gabanka ya riƙe ka a ƙugu, gwiwoyinsa su tare kafaɗunka. Ƙugu zai riƙe, kada ya ɗaga maka ƙafa.

Ga yadda hawan kansa yake. Hannuwa daidai faɗin kafaɗa, yatsu a baje, manuniya na kallon gaba. Ƙafafu a ware kamar ninki biyu na faɗin kafaɗa, kusa da hannu gwargwadon laushinka. Ido tsakanin manyan yatsu biyu. Kulle gwiwar hannu, ture ƙasa har kafaɗa ta kusa kunne. Hau kan yatsun ƙafa, ka kai kafaɗa gaba a hankali, ka riƙa naɗe baya ƙugu na hawa. Za ka ji nauyi na barin ƙafa yana komawa yatsun hannu. A nan ne zuciya ke ce maka yi ɗan tsalle. Kada ka yi. Ƙara inci ɗaya gaba, ka ja cinya zuwa ciki. In sun tashi, buɗe su ta gefe iya buɗewa, kada ka yi saurin kai su sama, bari ƙugu ya daidaita kan kafaɗa tukun, kafaɗar ta dawo saitin hannu, sannan ka haɗe su. Kada ka danne numfashi gaba ɗaya, ka riƙa sakin sa kaɗan kaɗan.

Jingina waya a gefe ka ɗauki kanka. Abin da kake ji a jiki da abin da ke faruwa sukan sha bamban. Ni na rantse gwiwar hannuna a miƙe take, sai da na kalli hoton na ga tana lanƙwashewa duk lokacin da nauyi ya hau. In kana kallon bidiyon ƙwararru irin su Uche Eke, wanda ya wakilci Najeriya a wasan motsa jiki na jimnastik a gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, ka kalli yadda ƙugunsu ke riga ƙafa hawa, amma kada ka auna kanka da saurinsu. Tun suna ƙanana suke cikin abin.

Tsarin mako da yanayin garinmu

Ni kwana uku nake aikin ƙarfi, Asabar da Litinin da Laraba, kamar minti 45 kowanne, da kwana guda na hutu a tsakani. Bayan ɗumama jiki da wuyan hannu, gwajin hawa ne farko tun jiki na da sabon ƙarfi, sai saukowa a hankali, sai kafaɗa da ɗaga dugadugai, miƙa jiki mai tsawo a ƙarshe. Miƙa jikin nakan ƙara shi a wasu kwana biyu da dare. Juma'a ba na taɓa komai.

A Sakkwato yanayi ne ke tsara maka lokaci. Daga Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40, bayan asuba ne kawai lokacinka, don kafin hantsi siminti ya fara ƙona tafin hannu. Amfanin zafin shi ne jiki na saurin sakewa, a watannin nan na fi samun inci a littafina. Ka sha ruwa sosai, ka ajiye tsumma na share gumin hannu. Da hunturu kuwa ka ninka lokacin ɗumama jiki, ko ka mayar da atisayen bayan la'asar. Tafin hannu kan tsage, sai ka shafa man kaɗanya da dare. Kada ka shafa da safe kafin ka dafa ƙasa, zamewa za ka yi. Da azumi ina rage aikin zuwa rabi, in yi shi bayan tarawihi, dama ga ɗinkin Sallah ya taso. Ko da azumi ko babu, ba a juya kai ƙasa da cikakken ciki. Bayan tuwo ko fura ka jira awa biyu zuwa uku. Ka sa wando mai tsawo mai sakewa a cinya, ka cusa riga ciki don kada ta rufe maka fuska ko jikinka ya buɗe. Mata ma za su iya duk wannan a cikin gida, ɗaki mai fili da bango ɗaya ya isa, kuma da yawansu sun fi mu laushin ƙugu tun farko.

Tawa tsayuwar ta zo ne wata Litinin a tsakar gidanmu, ana kiran yara su tashi shirin makaranta. Na dafa, na kai kafaɗa gaba kamar kullum, ina jiran inda nake maƙalewa, sai kawai na ji babu komai a ƙarƙashin yatsun ƙafata. Ban ma kai ga haɗe su ba na sauko ta gefe. Na sake gwadawa sau shida a ranar, ba ta dawo ba, sai bayan kwana tara. In taka ta yi maka haka, kada ka kwana kana nemanta har wuyan hannu ya kumbura. Koma kan katakonka ka ci gaba da abin da ya kawo ta. Asabar ɗin da ta biyo na je Giginya na faɗa wa Baba. Ya ce in yi ya gani, ta ƙi tashi. Ya duba inda na dafa, ya sa ƙafa ya nuna mini in matso da hannuwana baya kamar inci biyu, ya ce in sake.